Buhun Farko

A ƙofar mangazar Alhaji Yari, babban shagon simintin nan na bakin babban titin Konni, mu 'yan dako muna da al'ada guda da ba a wasa da ita. In kamiyo ya iso daga Malbaza da siminti, ba wanda zai taɓa kaya sai sarkin 'yan dako ya ɗauki buhun farko. Shi ke raba aiki, shi ke cewa wane ya hau mota wane ya tsaya ƙasa, shi Alhaji ke kira in da magana. Ba rawani ba kiɗa, buhun nan shi ne sarautar gaba ɗaya. Ni Dogo na riƙe shi shekara biyu da wani abu, kuma ba gadonsa na yi ba, wuyana ne ya ba ni.

Kafin ni Chindo ne. Ba na ƙaunarsa, amma ba zan rage masa komai ba, a zamaninsa namiji ne. Yakan ɗora buhu biyu a wuya ya sauko kan katakon da ake jinginawa a bayan mota yana waƙa. Shi ya koya mini aikin, da zagi da ranƙwashi. Sai ya ga dako ya yi masa kaɗan, ya koma bakin iyaka ya zama ɗan kamasho, yana zaune a rumfa yana nuna wa direbobi buro, wato ofishin da za su shiga. Ya yi tumbi, ya sayi tabarau, in ya wuce mu a kan babur har toshe hanci yake yi wai ƙurar siminti ta dame shi. Da aka rufe iyaka rumfar ta mutu. Ya cinye abin da ya tara, ya sayar da babur, sai ga shi wata safiya a tsakiyar bazara, lokacin da ƙarfen mota ke ƙona hannu tun hantsi, tsaye a ƙofar mangaza da tsohon gammonsa.

"Dogo, na dawo," ya ce. Ko sallama bai yi ba.

"Sannu da zuwa," na ce. "In mota ta zo ka hau ka yi jeri."

Ya cire tabarau ya dube ni daga sama har ƙasa. "Jeri? Ni kaka ce ma in hau mota awa sabon shiga? Ni da nik koya ma inda aka aza buhu?"

"Dokakka ta, Chindo. Ba ni nik kahwa ta ba."

Gaskiya na faɗa masa. Duk wanda ya zo dako sabo, ko ya dawo bayan doguwar jinya, ba a ɗora masa buhu ranar farko. A kan mota yake tsayawa yana jawo buhuna bakin ƙofa, wannan shi ne jeri. In ya kwana biyu sai a bar shi ya ɗauka da sanyin safiya kawai, rana na ɗagawa ya koma sama. Haka ake ƙara masa kaɗan-kaɗan. Ni na san dalili a jikina. Farkon zuwana daga ƙauyenmu na Alela ina ganin noma ya gama gina ni, amma washegarin ranar da na fara ɗauka ko tsugunawa na kasa, jibin ranar kuwa ciwon ya fi, kamar an kwana ana dukana da taɓarya. Cinyoyi na rawa, zuciya na bugun ƙirji har cikin kunne, riga ta bushe da farin gishiri. Chindo ya mayar da ni jeri yana kirana rago. Da aka yi makonni sai ciwon ya tafi da kansa. Numfashi ya daidaita, zuciya ta daina haukan nan, gumi ya riƙa zuwa da wuri yana sanyaya ni, fatar ƙeyata ta yi kanta mai kauri inda buhu ke zama. Jiki yana koyon aiki, sai dai ba ya son a yi masa gaggawa, kuma in ka zaunar da shi a rumfa yana manta abin da ya koya.

Chindo ya san wannan sarai, amma yana ganin don wasu aka yi dokar. Ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Ƙarhi ga jini yake, yaro. Ba a aje shi a manta. Buhun hwarko nawa na, riƙo nib ba ka."

Raina ya ɓaci. Na matsa kusa da shi, na miƙa hannu na shafa ƙeyarsa a gaban jama'a. Laushi luɓus, kamar tafin jariri.

"Ina kantar?" na ce. "Ko can kab bar ta bakin iyaka, wurin shan shayi?"

Aka kwashe da dariya. Nafi'u, wanda ke bi mini a aiki, shi ya fi kowa, har da riƙe ciki. Chindo ya doke hannuna, idonsa ya kaɗa ya yi ja. Daidai nan kamiyo ya shigo da baya, yaron mota ya buɗe ƙofa, kafin in juya Chindo ya sunkuya ya saɓa buhun farko.

Na yi kansa zan fizge, aka shiga tsakani. Nafi'u ne ya kawo shawara, da murmushin nan nasa na mai son kallon faɗa. "Ku bar husuma. Ku ɗauka tare. Wanda yar riga zamnawa ya bar ma ɗan'uwa nai buhu."

Na yarda nan take, da murna ma.

Da farko ya ba ni mamaki. Hannu bai manta dabara ba, ya san yadda ake karkata kafaɗa buhu ya zauna, ya san yadda ake taka katako. Yana tafe yana waƙarsa ta da, samari na yi masa kirari. Kafin rana ta take waƙar ta tsaya. Ina bayansa ina jin numfashinsa kamar zugazugin maƙera. Gumi ya jiƙa shi har wando, ƙurar siminti ta manne masa ya koma toka-toka. Ni kuwa tafiyata ta kullum nake yi, ba sauri ba nawa, in na sauke buhu biyu-uku in kurɓi ruwa a jarka in koma.

Na miƙa masa jarkar sau ɗaya. Ba don tausayi ba, ina so ne a ga ya karɓa daga hannuna.

"Sha abinka," ya ce. "Ba ni shan ruwan yaro."

Ranar kaya sun yi yawa, kamiyo na bin kamiyo. Bayan azahar na lura gumin ya daina zubo masa, leɓensa ya bushe ya tsage, ƙafarsa na karkarwa duk sa'ad da ya taka katako. Amma bai zauna ba. Ko da aka tsaya salla, da aka sallame ya miƙe tsaye ya jingina da bango don kada a ce ya zauna. Har aka rufe mangaza bai zauna ba, sai aka ce a ƙarasa gobe.

Washegari ya zo yana tafiya kamar an ɗaure masa itace a ƙafafu. Hannuwansa sun ƙi miƙewa, a lanƙwashe ya riƙe su. Na gan shi wurin mai shayi ya watsa ƙwayoyin tramol a baki ya kora. Ƙwayar ta kashe masa jin ciwo, ya sake shiga layi. Duk mai hankali ya san ciwon kwana na biyu jiki ne ke cewa a dakata masa, shi kuwa ya toshe wa jikin baki. Ya yi ta ɗauka har rana ta take, sannan a tsakiyar katako ya saki buhu, ya durƙusa ya yi amai, ya kife. Aka ɗora shi a amalanke aka kai shi gida.

Kashegari na ɗauki buhun farko ba mai gardama. Na ji daɗi ƙwarai, kuma har yau ban ga laifin jin daɗin ba.

Daɗin bai daɗe ba. Kwana biyu bayan haka, muna cikin sauke kaya da hantsi, sai ga Sahiya matar Chindo ta ratsa tsakiyar maza, mayafi a kafaɗa, ta tsaya gabana tana huci.

"Kai azzalumi! Taho ka kwance abin da kaɗ ɗaure!"

"Mi niɗ ɗaure?"

"Kai ka sani! Ka shahwa mai ƙeya gaban mutane, ko ƙarya nika yi? Tun daga nan wuya nai yak kumbura, kahwaɗu sunka kumbura, cinya ta kumbura. Hitsari nai baƙi ƙirin awa shayin da yak kwana. Yau ko baƙin ba ya hitowa. In maigidana yam mutu, wallahi ba ni barin ka!"

Na juya ina jiran wani ya yi dariya. Ba wanda ya yi. Mutanen da muka shekara muna cin tuwo a kwano ɗaya suka tsaya suna kallon hannuna na dama. Wanda ke riƙe da jarkata ya ajiye ta ƙasa a hankali.

Nafi'u ya sosa kai. "Gaskiya dai, Dogo, munka ga ka taɓa shi."

"Kai ma ka gani ya kwana biyu shina ɗaukar siminti ba ruwa!"

"Mun gani. Amma Chindo na hwa. Siminti ba ya kada Chindo."

Nan na gane inda aka dosa. Na jefar da gammo na ce wa Sahiya ta wuce gaba. Suka biyo mu a baya, ba don taimako ba, don su ga yadda ake kwance sammu.

Gidan yana can cikin lungu. Ɗakin ya cika da hayaƙin turaren da wani boka ya bayar, ga ƙwaryar rubutu a gefe ko rabi ba a sha ba. Chindo na kwance a tabarma, fuska ta kumbura, damatsa sun yi tauri suna sheƙi. Sahiya ta turo mini wani gwangwani da ƙafa don in ga aikina. Ɗan fitsarin da ke ciki baƙi ne, ja-ja. Ban taɓa ganin irinsa ba, kuma ban san sunan ciwon ba. Abin da na sani shi ne mutumin da ya daina fitsari ba hayaƙi yake bukata ba.

Chindo ya buɗe ido ya gan ni. "Hita min gida," ya ce da ƙyar.

"In na hita ka mutu a ce ni na. Likita za mu."

"Ba ni zuwa ko'ina da kai."

Ban tsaya jan magana ba. Mota ba ta shiga lungun, shi kuma ba zai iya zama a kan babur ba. Na sunkuya na kama hannunsa da cinyarsa, na karkata kafaɗa yadda shi ya koya mini, na saɓa shi a wuya. Ya yi ƙara. Ya fi buhu biyu nauyi, ga shi ba ya zama wuri ɗaya, yana dukan bayana da hannun da ba ƙarfi yana zagin uwata da ubana. Haka na ratsa lungun da shi, mata na leƙe ta kan katanga, 'yan kabu-kabu na tsayar da baburansu suna kallo, har bakin titi inda muka sami adaidaita.

A likita, wato asibiti, wani majo, babban ma'aikacin jinya, ne ya karɓe mu, Boubacar, mutumin Dosso da aka turo aiki nan. Ya latsa damtsen, ya dubi gwangwanin da Sahiya ta ƙi rabuwa da shi, ya tambayi abin da Chindo ya yi a kwanakin nan. Na faɗa masa duka. Ya yi tsaki, ya sa aka ɗaura ƙarin ruwa a hannu biyu, aka ɗebi jini.

"Naman jikinsa ne ya farfashe daga ciki," ya ce da Hausarsa ta baƙo. "Tsoka in ta daɗe ba ta aiki, ka ɗora mata aikin da, cikin zafi, ba ruwa, sai ta tsattsage. Dattin ya shiga jini, ya je ya toshe ƙoda. Shi ya sa fitsari ya yi baƙi. Muna gani wurin samari masu tseren gwajin shiga soja. Da kun ƙara kwana guda, ban san abin da zan ce muku ba."

Na roƙe shi ya fita ya maimaita wa waɗanda ke waje. Mutumin kirki ne, ya fita ya maimaita. Suka saurara da ladabi, suna gyaɗa kai suna "haka ne, Majo." Yana juya baya na ji Nafi'u na cewa ƙasa-ƙasa, "Karatun Nasara yay yi. Sammu ba ya hita ga gwajin jini."

Ruwa ya yi ta shiga Chindo leda bayan leda. Da ƙodar ta buɗe, fitsari ya fara zuwa, ya washe a hankali, kumburi ya saɓe. Na ɗauka shi ke nan an wanke ni. Ashe warkewar ma a kaina za ta faɗa. Labarin da ya zaga Konni shi ne Dogo ya ɗaure Chindo da hannu, da ya ga asiri zai tonu ya ɗauke shi a wuya ya kwance. In ba shi ya ɗaure ba, me ya kai shi gidan? Me ya sa yana ɗaukar sa aka fara samun sauƙi? A mangaza kowa ya zo da gorar ruwansa. In na miƙa hannu a gaisa sai mutum ya dafe ƙirji daga nesa. In na zo wucewa ta bayan wani sai ya rufe ƙeya da gammo.

Mutum ɗaya ne zai iya kashe maganar da baki ɗaya. Ranar da za a sallami Chindo na je na same shi zaune a bakin gado, ya rame, tumbin ya zube, Sahiya ta fita karɓo magani. Ban gaishe shi ba, shi ma bai gaishe ni ba.

"Ka ji abin da majo yac ce," na ce.

"Na jiya."

"Ka san ba ni na ba."

Ya dubi inda aka cire masa allura. "Na sani," ya ce. "Tun ina bisa katako nis sani. Na ji abin na tsinkewa cikin cinyata."

"To ka hito ka hwaɗa musu."

Ya ɗago ya dube ni, ba kunya ba nadama. "In nic ce ba kai na ba, wa za ni cewa? Jikina? In tsaya gaban yaran da nik koya ma aiki in ce siminti yak kada ni?" Ya girgiza kai. "Wanda anka yi ma sammu ana tausai nai, ana cewa don an ji tsoron ƙarhi nai na. Wanda buhu yak kada, dariya aka yi mai har ya mutu. Ka shahwa min ƙeya gaban mutane, Dogo. Ka ɗauke ni bisa wuya awa buhu, unguwa dut tana kallo. Riƙe abinka."

Wallahi da ba a likita muke ba da na shaƙe shi. Na dunƙule hannu, na ga yana kallon hannun, har da ɗan murmushi. Na juya na fita.

Alhaji Yari bai ja abin da nisa ba. Ya kira ni cikin buronsa, bai ba ni hannu ba, ya nuna mini kujera ta nesa. "Ni ban ce ka yi ba, Dogo. Allah shi as shaida. Amma yara sun ce ba su aiki ƙarƙashinka, ni kau siminti nika so a sauke." Da safe Nafi'u ya ɗauki buhun farko. Ina tsaye a tsallaken titi na ga yadda ya saɓa shi, a karkace, irin ɗaukar da ke kashe ƙugu kafin shekara.

Chindo bai koma dako ba, majo ya hana shi aikin ƙarfi sai bayan watanni. Yanzu yana zaune a benci a ƙofar mangazar, samari na saya masa shayi, yana ba su labarin yadda ya kwana biyu yana ɗauka ba ruwa har sai da aka haɗa da asiri kafin a kai shi ƙasa. Duk sa'ad da ya maimaita labarin, buhunan na ƙaruwa. Ni kuwa na zaga mangazun Konni kaf, na je har tashar manyan motoci a Malbaza, ko'ina labarin ya riga ni isa. Ba a kore ni da zagi, cewa ake yi hannu ya isa, in dawo wani lokaci.

Ina zaune a gida sai na kama kaina ina shafa ƙeyata kowace safiya. Da aka yi 'yan makonni na ji gefen kantar ya fara laushi. Na hau katanga gyaran rufi, na sauko ina haki kamar tsoho. Tsoro ya kama ni, irin wanda ban ji ba ko ranar da Sahiya ta zo. Na san abin da zama ke yi wa mutum, na ɗauke shi a wuyana na kai likita.

Sai na samo tsohon buhu na cika shi da yashi. Kullum bayan asuba nakan saɓa shi daga bakin zaure zuwa gindin katanga, in sauke, in sake saɓawa in dawo, in kurɓi ruwa, har rana ta ɗaga. Ba mai biyana, ba mai yi mini kirari. Ina so ne ranar da wani zai ce in zo, ko a Konni ko a wani gari da ba a san hannuna ba, in tarar jikina bai manta ni ba.

Maƙwabta sun gani ta kan katanga. Jiya matata ta dawo daga famfo ta ajiye bokiti fuska a ɗaure, na tambaye ta abin da ya faru. Ta ce a bakin famfo ana cewa abin da na yi wa Chindo ne ya dawo kaina, shi ya sa nake dakon yashi daga bango zuwa bango. Ta tambaye ni ko zan daina, ko don yara.

Na ce mata ta kawar da tabarma daga hanya, sauran zagaye ban gama ba.